Manhajar ƙara girman hoto don bugawa a babbar takarda

Manhajar ƙara girman hoto ita ce duk wata manhaja da ke ɗaukar hoton dijital ta ƙara masa yawan fiksel, wato ƙananan ɗigogin nan masu kusurwa huɗu da ke haɗuwa su zama hoto, don a samu a buga shi a babbar takarda ko kyanbas ko allon talla ba tare da ya farfashe ba. Masu ɗaukar hoto da masu aikin firintin ne suka fi amfani da ita. Abu ɗaya da ya kamata a riƙe tun daga farko, wanda masu tallar manhajojin nan ba su cika son faɗa da ƙarfi ba, shi ne babu wata manhaja da ke dawo da abin da kyamara ba ta ɗauka ba. Tsofaffin manhajoji lissafi suke yi su cike giɓi, sababbin kuma masu aiki da AI, wato ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta, ƙirƙiro abin da suke ganin ya dace suke yi su ɗora, kuma kusan duk zancen zaɓi a kan wannan bambancin ya tsaya.

Fiksel nawa ake buƙata

Ana auna cikar hoto a takarda da yawan fiksel a kowane inci, abin da ake gajarcewa ppi. Mutane suna yawan haɗa shi da dpi, alhali dpi ɗigon tawada ne da firinta ke fesawa, kuma ɗigo da yawa ne ke haɗuwa su ba da kalar fiksel guda. Lambar da kowa ya haddace ita ce 300 ppi, kuma daidai ce ga hoton da za a riƙe a hannu. To kyamara mai megafiksel 12, wato fiksel miliyan 12, tana ba da fiksel 4000 a 3000, idan ka raba da 300 hoton zai tsaya a wajen inci 13 da 10 kenan. Mai megafiksel 24 tana ba da 6000 a 4000, inci 20 da 13 da ɗan wani abu. Takardar A0 kuwa, mai milimita 841 da 1189, in aka dage sai an cika ta a 300 ppi, fiksel 9933 a 14043 take so, kusan megafiksel 139, abin da galibin kyamarori ko kusa ba sa kaiwa.

Sai dai wa ke manna hanci a jikin fosta? Idon mutum mai lafiya yana iya rarrabe abu biyu ne idan tazararsu ta kai kusan kashi ɗaya cikin sittin na digiri, daga nan aka samo wani lissafi mai sauƙi, ka raba 3438 da nisan mai kallo a inci, amsar ita ce ppi ɗin da ake buƙata. Daga santimita 30 amsar tana zuwa kusan 290, kaga inda 300 ɗin nan ta samo asali. Daga mita ɗaya 87 ce, daga mita biyu 44, daga mita goma ko 9 ba ta cika ba, shi ya sa allon tallan da ke can sama gefen titi yake fitowa tas alhali in ka hau kusa da shi ɗigo ne manya-manya. Don haka hoton megafiksel 24 da aka buga a inci 36 da 24 yana da kusan 167 ppi ko ba a taɓa shi ba, a bangon falo kuwa ya wadatar. Da yawan mutanen da ke neman manhaja mai tsada, in an zauna an yi lissafin nan, sai a ga ba su ma buƙatarta.

Tsohuwar hanya

Idan aka ninka faɗi da tsawon hoto, yawan fiksel sau huɗu yake komawa, ma'ana uku cikin kowane huɗu sababbi ne, dole a san kalar da za a ba su. Hanya mafi sauƙi ita ce Nearest Neighbor, kawai a kwafi kalar fiksel ɗin da ke kusa, sakamakon shi ne hoto ya yi bulo-bulo, layin da ke a karkace ya koma kamar matakalar bene. Bilinear tana duba fiksel huɗu na kewaye ta ɗauki matsakaici, hoton ya yi santsi amma dishi-dishi. Bicubic tana duba 16, ita ce aka fi sani, kuma tsarin da aka fi bi a cikinta ya fito ne daga aikin Robert Keys na 1981. Akwai Lanczos, mai ɗauke da sunan Cornelius Lanczos masanin lissafi ɗan ƙasar Hungari, ta fi riƙe kaifi amma tana barin wani siririn farin zobe a gefen abu mai duhu, misali inda baƙin rufin gida ya haɗu da sararin sama.

Waɗannan duk kyauta ake samunsu ko a cikin manhajar da mutum ya riga ya mallaka. IrfanView da ImageMagick suna da Lanczos. GIMP daga fitowa ta 2.10 a 2018 ta zo da NoHalo da LoHalo, waɗanda aka yi su musamman don rage farin zoben nan. Photoshop ta shigo da Bicubic Smoother a 2003, sai Preserve Details a 2013, sai Preserve Details 2.0 a ƙarshen 2017. A da akwai wata dabara da masu hoto suka yi ta yayi, ta ƙara kashi 10 cikin ɗari kaɗan-kaɗan har a kai girman da ake so maimakon a yi tsalle ɗaya, yanzu dai ba mai wahalar da kansa da ita. In dai ƙarin bai wuce ninki ɗaya da rabi zuwa biyu ba, kuma asalin hoton mai kyau ne, gaskiya da wuya ido ya bambance Bicubic da manhaja mai tsada a kan takarda.

Tsakanin wannan zamani da na AI an yi wasu manhajoji na musamman. Wadda ta fi suna ita ce Genuine Fractals, ta fito a shekarun 1990, ta ratsa hannun kamfanin LizardTech kafin onOne Software ya saye ta a 2005, daga baya aka sauya mata suna zuwa Perfect Resize, yanzu kuma ON1 Resize AI ake ce mata. Akwai Blow Up ta kamfanin Alien Skin, wanda ya koma Exposure Software a 2019, da PhotoZoom Pro ta BenVista. Ƙarfinsu shi ne gefen abubuwa yana fitowa da kaifi ba zigzag, rauninsu kuma in aka matsa musu da yawa ciyawa da ganye su koma kamar an yi zanen fenti da buroshi.

Zuwan AI

A 2014 wasu masu bincike, Chao Dong da abokan aikinsa a wata jami'a ta Hong Kong, suka fitar da SRCNN. Dabarar ita ce a ɗauki ɗimbin hotuna masu kyau a rage musu girma da gangan, sai a riƙa nuna wa kwamfuta ƙaramin da babban har ta koyi yadda ƙaramin abu ke kasancewa in ya girma. Daga nan waifu2x ta fito a 2015 don zanen katun na Japan, sai SRGAN, sai ESRGAN a 2018, sai Real-ESRGAN a 2021 wadda aka horar da ita da hotunan da aka lalata iri-iri don ta saba da irin hotunan da mutane ke da su da gaske. A ɓangaren kasuwa, Topaz Labs na jihar Texas a Amurka ya fitar da Gigapixel a 2018 mai ƙara girma har ninki shida. Pixelmator Pro ta masu Mac ta kawo nata a ƙarshen 2019. Adobe kuma ya saka Super Resolution a manhajarsa ta Camera Raw a watan Maris na 2021, yana ninka faɗi da tsawo sau biyu kawai, ba ƙari ba ragi, a lokacin yana ajiye sakamakon ne a sabon fayil na DNG. Ga wanda ba ya son kashe kuɗi akwai Upscayl, kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, amma tana son kwamfuta mai katin girafik mai ɗan ƙarfi.

A kan gashin tsuntsu, jikin bulo, ɓawon itace, saƙar yadi, aikinsu yana ba da mamaki. Matsalar tana zuwa ne a wurin da ɗan adam ya san yadda abu ya kamata ya kasance. Ɗauki hoton taro mai mutum arba'in a jere uku, na gaba fuskarsu tana da isasshen fiksel, na layin baya kuwa kowace fuska ba ta wuce fiksel 30 ko 40 a faɗi ba. Ka ninka sau huɗu da AI ka zuƙo kusa, sai ka ga na gaba lafiya lau, na baya kuma an yi musu sabbin idanu, wani haƙoransa sun haɗe sun zama farin layi guda, wata an goge mata ɗan tabon da kowa ya san ta da shi, fata ta yi sumul kamar roba. Wanda bai san mutanen ba zai ce hoto ya yi kyau, 'yan uwansu kuwa kallo ɗaya za su yi su ce wannan ba wane ba ne. Haka rubutu, ƙananan haruffa a jikin riga ko allo sukan koma wasu alamomi masu kama da rubutu amma ba sa karantuwa.

Wannan ba ƙaramin zance ba ne, a 2020 an gwada wata manhajar bincike mai suna PULSE ta jami'ar Duke da hoton Barack Obama da aka dusashe, ta fito da fuskar wani Bature. A 2024 kuma wani alƙali a jihar Washington ya ƙi karɓar bidiyon da aka gyara da AI a matsayin shaida a wata shari'ar kisa. Don haka hoton tarihi, ko na shaida, ko na wanda ya rasu da iyalansa ke son ajiyewa, tsohuwar hanya ta fi aminci ko da zai ɗan yi dishi. In ma za a yi da AI, a duba maɓallin gyaran fuska a rage masa ƙarfi ko a kashe shi gaba ɗaya.

Abin da ake dubawa wajen zaɓi

Kafin manhaja, asalin fayil. Hoton RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, ko JPEG ɗin da ya fito kai tsaye daga kyamara daban yake da wanda ya zaga ta WhatsApp, domin in ba a matsayin dokumen ko ta zaɓin HD aka turo ba, ana matse shi ya dawo kusan fiksel 1600 a dogon gefe, inci 5 da ɗoriya kenan a 300 ppi. Ga shi JPEG yana matse hoto ne a akwatuna masu fiksel 8 a 8, in ka ƙara girma akwatunan ma girma suke yi, wani lokacin AI ya ɗauke su a matsayin ado na gaske ya ƙara musu kaifi. Neman asalin fayil wajen wanda ya ɗauka ya fi kowace manhaja amfani. Hoton da ya girgiza ko fokas ɗinsa ya kuskure kuwa, ƙara girma ƙara bayyana aibinsa yake yi.

Bayan nan sai a duba irin hoton. Tambarin kamfani da zane mai layuka ba ƙara musu fiksel ya kamata a yi ba, a maida su vekta, wato zanen da ake ajiyewa da lissafin layuka maimakon fiksel, a Inkscape ko Illustrator, daga nan ko girman gini ake so ba sa fashewa. Hoton daji da gine-gine da dabbobi AI ya fi yi musu kyau. Tsohon hoton fim da aka yi wa sikanin yana da ɗan hatsi-hatsin nan nasa, wasu manhajojin suna share shi tas hoton ya rasa kamanninsa, shi ya sa masu hoto da yawa bayan sun ƙara girma suke sake zuba ɗan hatsin da hannu, yana kuma ɓoye santsin robar.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a tunawa da su sai aiki ya tsaya: ko manhajar tana karɓar TIFF mai bit 16, ko tana riƙe bayanin kala irin sRGB da Adobe RGB ba ta zubar ba, ko tana iya yin hotuna da yawa a lokaci guda, ko saye ɗaya ne ko biyan wata-wata, sannan ko a kan kwamfutarka take aiki ko sai ka ɗora hoton a intanet, wanda ga hoton kwastoma ko na iyali abin dubawa ne. Masu buga kyanbas suna son ON1 saboda tana ƙara gefen da za a naɗe a jikin katako, tana kuma raba ƙaton hoto gida-gida ga mai ƙaramar firinta. Girman fayil ma kansa matsala ne, A0 a 300 ppi ya haura megabait 400 a bit 8, ninki biyu a bit 16, fayil ɗin PSD na Photoshop kuma ba ya wuce fiksel 30,000 a gefe ko gigabait 2, in ya wuce sai a koma PSB, na manyan fayil.

Wajen aiki, ana fara rage hatsin da kyamara ta haifar a wuri mai duhu, a gyara kala, a yanke abin da za a yanke, sannan a ƙara girma sau ɗaya zuwa daidai awon da za a buga, ƙara kaifi shi ne na ƙarshe. Firintocin Canon da HP galibi 300 ppi suke so, na Epson 360, in ka ba su wata lamba daban su da kansu za su sake lissafin. Manyan wuraren firintin suna da tasu manhajar da ake kira RIP mai yin wannan aikin, wasu ma sun fi son a kawo musu asalin fayil kada a taɓa, saboda haka a tambaye su tukuna.

Gwajin da ya fi raba gardama shi ne na takarda, domin sikirin yana ruɗi, abin da ya yi muni a zuƙowar kashi 100 sau da yawa ba ya ko fitowa a bugu. Galibin manhajojin kuɗi suna da na gwaji. Sai a ƙara girman hoton da manhaja biyu ko uku, a yanko wuri ɗaya daga kowanne, inda akwai fuska da rubutu da gefen abu mai kaifi, a jera su a takardar A4 guda ba tare da an rage musu girma ba, a rubuta sunan kowace a baya, a buga a irin takardar da za a yi ainihin aikin da ita. Daga nan a manna a bango, a ja baya zuwa inda mai kallo zai tsaya, a zaɓa kafin a juya takardar a ga sunan.