Me Ke Gushewa Idan Aka Daina Rera Waƙa? Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa ake cewa waƙar Hausa ba ta cika sai an rera ta?

Domin don kunne aka tsara ta tun asali. Ko rubutacciyar waƙa, wadda malamai suka gina bisa ma'aunin aruli (wato awon baitoci irin na waƙoƙin Larabci) da amsa-amo, mai ita yakan ɗora ta a kan wani karin murya tun yana tsara ta, kuma wannan karin ne ke sa baiti ya zauna daram a ƙwaƙwalwa. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta san haka sarai, shi ya sa ta riƙa koya wa jajoji, wato matan da ta horar a matsayin malamai masu yawo, waƙoƙi su haddace, su kuma su kai wa matan karkara a tsarin 'Yan Taru, ƙungiyar karatun mata da ta kafa. Ta haka macen da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta iya ɗaukar hukunce-hukuncen addini a ka.

Shin hadda ta isa ta adana doguwar waƙa?

Ta isa. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, a ka ya tsara doguwar waƙarsa ta wa'azi mai suna Imfiraji, wasu suka rubuta masa, sannan makafi mabarata suka yi ta rera ta ƙofa-ƙofa har ta shiga kunnen waɗanda ba su taɓa ganin littafin ba.

To, waɗanne waƙoƙi ne suke gushewa?

Waɗanda suka fi shan wuya su ne waƙoƙin aiki na mata, domin aikin da ke ɗauke da su ya sauya. A da, mace takan durƙusa gaban dutsen niƙa tun da asuba, tana tura ɗan dutse tana waƙa, wani lokaci kewar gidan iyayenta take yi, wani lokaci kuma habaici ne ga kishiya wadda ke jin ta daga ɗaki. Da injin niƙa ya shigo unguwa, sai aka aiki yarinya da kwano, waƙar ta rasa lokacinta. Haka siminti ya yi wa waƙar daɓe. Gaɗa ma ta ja baya a garuruwa da yawa, tun da 'yan mata suka rage fita dandali a farin wata. Babu mai hankalin da zai so mata su koma wahalar niƙa, amma abin da ke damuna shi ne, a cikin waɗannan waƙoƙi ne suke faɗin abin da kunya ta hana su faɗa a fili.

Ashe naɗar murya ba ta magance matsalar ba?

Ta taimaka ƙwarai, kuma gidajen rediyo da sassan nazarin Hausa na jami'o'i sun cancanci yabo kan abin da suka tattara. Sai dai na'ura tana riƙe rerawa guda ɗaya ne tak, alhali waƙar baka tana sauyawa duk lokacin da aka yi ta: mai bayarwa ta ƙara ɗa, wato sabon baiti, 'yan amshi su karɓa, a sako sunan wadda ke wurin. Wannan gwaninta a bakin tsofaffin mata take, kuma kaɗan ne daga jikokinsu ke zama su koya.