Dizayin Ba Tarin Ado Ba Ne

Tun zaɓen shugaban ƙasa na Oktoban 2025 kalmar "dizayin" ta kama bakin jama'a a Garwa da Marwa da ke arewacin Kamaru. Za ka ji mai shiri a rediyo yana cewa fostar wane ta fi ta wane dizayin, alhali nufinsa ta fi yawan kala da ƙyalƙyali. Wannan fahimta tana ci mini tuwo a ƙwarya. Dizayin tsari ne: me ido zai fara gani, me zai biyo baya, me za a cire.

Ɗauki afish, wato fosta, na wa'azi mai girman A3 da aka manna a bangon kasuwa. Mai karanta shi a kan babur yake, kallo ɗaya zai yi. In bai kama suna da wuri da rana ba, kuɗin bugu ya tafi a banza.

Maganar kala ce ta fi damuna. Wayar da aka haɗa aikin da manhajar zane ta Canva haske take fitarwa, ja da kore da shuɗi. Injin bugu kuwa tawada huɗu yake gaurayawa, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, waɗanda masu ɗab'i a nan ke kira CMJN, shi ya sa koren da ya yi walƙiya a waya yake fitowa a dushe, mai aiki ya hau faɗa. Sannan ga zafin ranar Garwa. Ja da rawaya ne ke fara koɗewa, dubi tsofaffin fostocin 'yan takara, fuskokin duk sun koma shuɗi-shuɗi. Jan rubutu a kan kore kuma, da an kai shi fotokwafi sai duka biyun su zama toka-toka, ba a rabe su. Baƙin rubutu a kan farar takarda ya fi arha, ya fi jure rana, daga nesa ake karanta shi.

Salon haruffa biyu sun isa. Masu lanƙwashe-lanƙwashen nan da yawansu ba su da ɓ da ɗ da Hausa da Fulatanci ke buƙata, balle ƙ, sai a wayi gari "kishin ƙasa" ya koma "kishin kasa". Salon da ake kira Noto Sans yana da su duka, kuma kyauta ne.

Sai farin filin da aka bari, wanda mai ba da aiki ke cewa a cike tunda ya biya kuɗinsa. Filin nan shi ke sa sunan malami ya fito fili. Aka cusa masa furanni da lambobin waya uku, sunan ya nutse.