Gwajin gano ƙarya ta intanet: ga amsoshin tambayoyinku

Tun da na fara koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a nan Abuja ake ta jefo mini tambayoyin nan, kusan kullum iri ɗaya. Zan amsa su a nan, don Allah a karanta kafin a sake turo su.

Kwamfuta tana iya gane maƙaryaci?

A'a. Galibi jinkiri take aunawa.

Wane irin jinkiri?

Ana jero maka sunaye a allo, kana danna "na sani" ko "ban sani ba". Idan sunanka na gaskiya da kake ɓoyewa ya faɗo a ciki, hannu yakan ɗan dakata, abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Tushen dabarar daga David Lykken ne, wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, a 1959, kuma 'yan sandan Japan sun daɗe suna aiki da irinta.

Malam, ni da ido nake gane mai ƙarya.

Ka daina faɗar haka. Wasu masana biyu, Bond da DePaulo, sun tattara bincike masu yawa a 2006, suka samu mutane na dacewa kusan kashi 54 cikin 100 ne kawai. Kusan canki-canka ke nan. Yaron da ya sunkuyar da kai a gaban babba tarbiyya ce ta sa shi, amma sau nawa aka ce "dubi idonsa, shi ne ɓarawon"!

Malam, ƙanina zai yi irin wannan gwaji, kuma ranar haihuwar da ke kan NIN ɗinsa ta takardar rantsuwa ce. Za a ɗauke shi maƙaryaci?

Wannan ce tambayar da ke damuna. Ya danganta da yadda aka tsara gwajin. A Jami'ar Padua ta Italiya, Giuseppe Sartori da abokan aikinsa sun nuna a 2017 cewa wanda ya haddace bayanan bogi yakan yi tuntuɓe idan aka yi masa tambayar ba-zata, har motsin linzamin kwamfutarsa yakan karkace. To amma can kowa ya san ranar da aka haife shi. Mu kuwa da yawanmu 1 ga Janairu aka rubuta mana. Mutum ɗaya yana da sunan yanka, da laƙabin da kakarsa ta sa masa, da sunan garinsu da makaranta ta liƙa masa. Irin wannan yana iya jinkiri alhali bai ɓoye komai ba. Ga kuma matsalar sabis da tsohuwar waya. Saboda haka kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, amma ya faɗa wa masu gwajin maganar ranar haihuwar tun kafin a fara, kuma ya nemi a rubuta cewa ya faɗa. Idan sakamakon zai shafi aikinsa ko wata tuhuma, ya ga lauya tukuna.

Kotu za ta karɓa?

Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin a karɓi abin da ya fito daga kwamfuta. Ko an karɓa, alƙali ne zai auna nauyinsa.

Manhajojin waya na kyauta fa?

Wasan yara ne. Kada wanda ya kori yaron shagonsa ko ya tuhumi matarsa saboda su.