Ma'anar "buɗaɗɗen birni" a dokar yaƙi

Idan abokan gaba sun doso birni, hukumarsa kuma ta ga ba za ta iya tare su ba, tana iya shelanta cewa ta janye duk wata kariya, su shigo ba wanda zai harbe su. Wannan shi ake kira buɗaɗɗen birni. Miƙa gari ne ba tare da faɗa ba, domin a tsira da rayukan farar hula da tsofaffin gine-ginen da ba za a iya sake gina irinsu ba.

Tushensa sashe na 25 ne na ƙa'idojin Hague na 1907, wanda ya hana kai hari kan garin da ba a kare shi. A 1977 ƙarin yarjejeniyar Geneva na farko, sashe na 59, ya fayyace sharuɗɗan. Dole a kwashe mayaƙa da duk makamin da ke ɗaukuwa, barikoki da sauran gine-ginen soja kada a yi amfani da su wajen kai hari, hukuma da jama'ar gari su daina duk wani aikin gaba, kuma kada a tallafa wa yaƙi daga cikin garin. 'Yan sanda na iya zama don tsaron lafiya kawai. Ana aika wa abokin gaba sanarwa da bayanin iyakokin garin dalla-dalla, shi kuma ya amsa cewa ta iso.

Sharaɗin da mutane suka fi mantawa shi ne garin ya kasance kusa da fagen daga, kuma a shirye yake a mamaye shi. Nan ne abin yakan lalace. A watan Yunin 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Faransa ta ayyana Paris buɗaɗɗen birni, sojojin Jamus suka shiga ranar 14 ga wata ba tare da an rusa komai ba, don kuwa suna bakin ƙofa. Roma kuwa gwamnatin firaministan Italiya Badoglio ta ayyana ta ranar 14 ga Agustan 1943, alhali sojojin ƙawance, wato na Birtaniya da Amurka da abokansu, suna can nesa a tsibirin Sisili. Wata guda bai cika ba Jamusawa suka kama birnin, suna wucewa da dakaru da kaya ta titunansa da tashoshin jirgin ƙasa, bama-baman ƙawance kuma ba su daina sauka ba. Shi ya sa sunan fim ɗin Roberto Rossellini na 1945, Roma città aperta, wato Roma buɗaɗɗen birni, ya zama habaici: birnin a buɗe yake a takarda kawai. Manila ma, babban birnin Filifin, Janar MacArthur na Amurka ya ayyana ta ranar 26 ga Disambar 1941, jiragen Japan suka sake jefa mata bam.

Masu kallon fim ɗin Diplomatie sukan rikita batun buɗaɗɗen birni da labarin Paris na Agustan 1944, kuma ba ɗaya ba ne. Ba wanda ya ayyana Paris buɗaɗɗe a lokacin. Umarnin Hitler ma shi ne kada birnin ya faɗa hannun abokan gaba sai ya zama kufai. Ƙaramin jakadan Siwidin, Raoul Nordling, shi ya riƙa kai-kawo tsakanin kwamandan Jamus Dietrich von Choltitz da mayaƙan ƙwatar 'yanci, ya samo sakin fursunonin siyasa da wata tsagaita wuta da ba ta daɗe ba. Choltitz ya miƙa wuya ranar 25 ga Agusta, gadojin kogin Seine na tsaye.

Fim ɗin Diplomatie na Volker Schlöndorff, wanda ya fito a 2014, ya tattara wannan duka cikin hirar dare ɗaya a otal ɗin Meurice. Nordling da Choltitz sun gana a zahiri, amma wannan daren ƙirƙira ce ta marubucin wasan kwaikwayon da aka ɗauko fim ɗin daga gare shi. Masana tarihi da dama ma suna ganin Choltitz ba shi da isassun sojoji da nakiyoyin rusa birni mai wannan girma, ga tawaye a tituna, ga rundunar Janar Leclerc na Faransa ta iso.