Waiwaye: Runduna ta 216, daga jifa da bam zuwa shayar da jirage mai a sama

A jikin tambarin Runduna ta 216 ta sojojin saman Birtaniya akwai hoton gaggafa riƙe da bam a faratanta, a ƙasa kuma an rubuta da Latinanci cewa 216 na tafe da tsaraba. Shaguɓe ne irin na soja, don tsarabar da ake nufi tun asali bam ce. An kafa rundunar a watan Oktoba na 1917 a Manston ƙarƙashin sojojin ruwa, ta karɓi lambarta ta 216 ranar 1 ga Afrilu 1918, ranar da aka haifi rundunar sojin saman Birtaniya kanta. Aikinta a lokacin shi ne tashi da dare cikin jiragen Handley Page ta je ta yi wa garuruwan masana'antu na Jamus ruwan wuta.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare sai aka tura ta Masar a 1919, kuma a yankin ta shafe shekara 36. Nan tsarabar ta sauya. Ta shiga jigilar wasiƙu tsakanin Alƙahira da Bagadaza, hanyar da babu wata alama a hamadarta, har sai da aka ja layi a ƙasa da garma don matuƙa su riƙa leƙowa suna bi. Jiragenta na Victoria da Valentia ba su da sauri, amma suna ɗaukar soja ashirin da 'yan kai su kai su inda mota za ta yi makonni ba ta isa ba.

A Yaƙin Duniya na Biyu ne hanyarta ta ratso ƙasarmu. Jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi, a Ghana ta yau, sai sun bi ta Legas, Kano, Maiduguri da Fort Lamy (N'Djamena ta Chadi a yau) kafin su isa Hartum su miƙe Masar, su kuma matuƙan da suka kai su sai an dawo da su baya sun ɗauko wasu. Wani reshen 216 da ke Hartum ya yi wannan zirga-zirga, daga baya a 1941 aka mayar da shi Runduna ta 117.

Jirgin 216 na wancan zamani, Bristol Bombay, ya shiga tarihi sau biyu, duka ba da daɗi ba. A daren 16 ga Nuwamba 1941 jirage biyar na rundunar suka ɗauki dakarun SAS, sojojin ƙundumbala na Birtaniya, zuwa aikinsu na farko, suka sauke su da laima a Libiya cikin guguwa. Kusan kashi ɗaya cikin uku kawai suka dawo. Na biyun ya fi girgiza: ranar 7 ga Agusta 1942 jiragen Jamus suka harbo wani Bombay na 216 da ke ɗauke da Janar William Gott, wanda aka zaɓa ya jagoranci Runduna ta Takwas, wato sojojin ƙasa na Birtaniya a Arewacin Afirka. Gott ya mutu a ciki. Gurbinsa aka ba Montgomery, mutumin da ya ci yaƙin El Alamein bayan 'yan watanni.

Runduna ta 216 ta koma gida a 1955, shekara ta zagayo aka ba ta jirgin Comet, ta zama rundunar sufurin soja ta farko a duniya mai jirage masu injin jet. Manya take ɗauka, har da 'yan gidan sarauta. Tsuke bakin aljihu ya rushe ta a 1975. An farfaɗo da ita a 1979 da jiragen yaƙi na Buccaneer, amma ba ta kai ko'ina ba, tsagewar da aka gano a fikafikan jiragen ta sa aka narkar da ita cikin wata runduna.

Abin da ya dawo da ita da gaske yaƙin Falkland ne na 1982, tsakanin Birtaniya da Ajantina a kan tsibiran Falkland. Filin jirgi mafi kusa da Birtaniya ke iya amfani da shi yana tsibirin Ascension, nisan kusan kilomita 6,300. Don jirgin Vulcan guda ɗaya tak ya kai bama-bamai filin jirgin Stanley, babban garin Falkland, sai da tankokin sama na Victor 11 suka tashi, suna shayar da shi suna shayar da junansu, kowa ya juya baya da ɗan abin da zai kai shi gida. An yi nasara, amma hafsoshi sun ga tsiraicinsu. Nan da nan gwamnati ta shiga kasuwar gwanjo: jiragen fasinja TriStar shida daga British Airways, uku daga Pan Am. Kamfanin Marshall na Cambridge ya yi wa shidan farko aiki, ya cusa tankuna a inda ake zuba jakunkuna, har jirgi ɗaya na iya tashi da mai fiye da tan 130. Ranar 1 ga Nuwamba 1984 aka sake kafa 216 a Brize Norton.

Yadda ake shan man abin kallo ne. Tankar na sakin doguwar tiyo daga ƙarƙashin wutsiyarta, a bakin tiyon akwai wani abu kamar kwando da iska ke buɗewa. Matuƙin jirgin yaƙi zai matso a hankali daga baya, su biyun suna gudun ɗaruruwan kilomita a awa, ya zura bututun da ke kusa da hancin jirginsa cikin kwandon, ya tura kaɗan, sai mai ya fara kwarara. In ya yi gaggawa kwandon ya maki gilashinsa. Sojojin saman Amurka sun fi amfani da sandar ƙarfe, amma na ruwansu kwando suke sha, shi ya sa a 2001 jiragen TriStar suka zama gidan man jiragen sojin ruwan Amurka masu zuwa Afganistan. Kafin nan sun yi yaƙin Tekun Fasha a 1991, inda aka shafe biyu daga ciki da fenti ruwan hoda irin na hamada, har sojoji suka laƙaba musu sunan aladu masu ruwan hoda, sun kuma yi Kosovo a 1999 daga Ancona.

A ganina, nauyin da ya fi cin rundunar ba shayar da mai ba ne, dakon mutane ne. Ita ce ta riƙa kai sojoji Afganistan da Falkland tana dawo da su, da tsofaffin jiragen da aka daina ƙera su tun 1984 kuma kayan gyaransu na wuya. Sojojin da ke ɗokin komawa gida hutu sun sha zaman jira a ƙasa saboda lalacewar jirgi, kuma maganar ta kai har majalisar dokoki.

A watan Maris na 2014 aka ajiye TriStar, aka rushe 216, aikin ya koma hannun Runduna ta 10 da ta 101 masu jiragen Voyager, waɗanda kamfanin AirTanker ke samar wa gwamnati bisa kwangila. Lambar ba ta daɗe a aljihu ba. Ranar 1 ga Afrilu 2020 aka sake fito da ita a Waddington, aka ba ta aikin gwajin jirage marasa matuƙa masu tashi garke-garke.