Shafa ɗaya ba ta kashe ƙwayar cuta

'Yan uwa masu shaguna da masu sayar da abinci a Agege da Mile 12, akwai abin da muka daɗe muna fahimta a baibai game da wayif ɗin nan na kashe ƙwayoyin cuta, wato ɗan ƙyallen goge-goge da ake sayarwa a jiƙe da magani. Mutum ya ga an rubuta yana kashe 99.9% na ƙwayoyin cuta a jikin leda sai ya shafa tebur sau ɗaya ya ce shikenan.

Wannan lambar fa daga ɗakin gwaji ta fito. A can ana zuba bakteriya irin su Staphylococcus aureus a kan faranti, a goge, a bar wurin a jiƙe iya mintunan da kamfani ya rubuta, sannan a ƙirga waɗanda suka rage, wato sai maganin ya zauna yake aiki, mu kuma fanka na kaɗawa kafin minti ɗaya ya bushe. Ga maiƙo da manja a tebur, su ma suna rage masa ƙarfi, shi ya sa ake fara wankewa da sabulu.

Abin da ya fi damuna shi ne wayif ɗaya a goge kantar shago da waya da hannun ƙofa. Gwaji ya nuna haka yana kwasar cuta daga nan zuwa can ne.

Na goge jarirai kuma ba na kashe cuta ba ne sam, ku duba leda.