Wa ke bin sawun kuɗin ilimi da na samar da aiki? Tambayoyi da amsoshi kan aikin majalisa

Duk shekara idan shugaban ƙasa ya kai kasafin kuɗi gaban Majalisar Tarayya ta Najeriya, abin da ake fara leƙawa shi ne kaso nawa aka ba ilimi, nawa aka ware wa matasa marasa aiki. A yi ta muhawara a rediyo mako ɗaya ko biyu, sai a yi shiru. Ina kuɗin suka shiga bayan an sa hannu? Wannan tambayar ba ta cika samun mai yin ta ba, alhali a doka aikin 'yan majalisa ne.

Wane iko majalisa take da shi a kan kuɗin gwamnati?

A takarda, babba ne. Sashe na 80 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a cire ko sisi daga babban asusun gwamnatin tarayya sai da dokar da majalisa ta amince da ita. Sashe na 81 ya ɗora wa shugaban ƙasa kai ƙiyasin abin da zai kashe gaban sanatoci 109 da wakilai 360. Sashe na 88 ya ba su damar binciken kowace ma'aikata ko hukuma don bankaɗo cin hanci, sakaci ko almubazzaranci, na 89 kuma ya ba su ikon kiran kowa ya zo ya yi bayani, wanda ya ƙi zuwa a ba da sammacin kawo shi.

Iyakarsa ke nan. Majalisa ba ta gurfanar da kowa, ba ta ɗaure kowa. Idan kwamiti ya gama bincike, rahoto zai rubuta, zauren majalisa ya amince, a tura wa ɓangaren zartarwa ko EFCC ko ICPC. Ƙudurin da majalisa ta yanke shawara ce, ba doka ba, minista na iya sa shi a aljihun tebur ya manta.

Me ake yi a zaman kare kasafi?

Minista ya shigo da babban sakatare da shugabannin hukumomin da ke ƙarƙashinsa, irin su UBEC mai kula da ilimin matakin farko, da JAMB, da NUC mai kula da jami'o'i, ma'aikata na biye da su riƙe da manyan fayil. Ya karanta abin da aka ware masa bara, abin da aka sakar masa, da abin da yake nema bana. Tun kafin ya zo an riga an yanka masa iyakar abin da zai nema daga Ofishin Kasafi, kuma mafi yawan kuɗin ilimi albashi ne da hidimar yau da kullum, waɗanda ba su taɓuwa. Abin da ake iya juyawa shi ne kuɗin ayyuka: gine-gine, kayan aiki, kwangiloli.

A nan ne ake gane ɗan majalisar da ya yi karatun takardu. Shi ne zai ce, ranka ya daɗe, bara mun ba ka kuɗin gyaran ɗakunan kwana a makarantun haɗaka na tarayya, nawa aka sake, guda nawa aka gama? Akwai masu yin haka. Amma tambayar da aka fi ji ita ce ta mazaɓa: me ya sa ba a sa kwalejin garinmu ba, yaushe za a ɗauki yaranmu aiki? Ba laifi ba ne mutum ya nema wa mutanensa, sai dai wanda ya zo neman alfarma wurin minista da safe, da wuya ya tsare shi da tambaya da rana.

Abin ya taɓa wuce neman alfarma. A watan Maris na 2005 Shugaba Obasanjo ya fito a talabijin ya zargi ministansa na ilimi, Fabian Osuji, da ba wasu 'yan majalisa naira miliyan 55 don a ƙara wa ma'aikatarsa kuɗi a kasafi. Aka sauke ministan, shugaban Majalisar Dattawa na lokacin, Adolphus Wabara, ya yi murabus. Sun musanta zargin, shari'ar kuma ta yi shekaru tana jan ƙafa a kotuna.

Gaskiya ne UNESCO ta ce a ba ilimi kashi 26 cikin ɗari?

Wannan adadi ya zauna a bakin mutane, har 'yan majalisa na faɗarsa. Abin da ƙasashe suka amince da shi a taron Incheon na 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 na abin da gwamnati ke kashewa, ko kashi 4 zuwa 6 na ƙarfin tattalin arzikin ƙasa. Ko da wannan ma'aunin, gwamnatin tarayya ba ta kusa ba, domin shekara da shekaru kason ilimi bai kai kashi 10 ba. Sai dai kason tarayya kaɗai ba ya ba da cikakken labari, tunda jihohi ma suna da nasu, kuma abin da aka rubuta daban, abin da aka sake daban.

To me ya sa makarantar firamaren ƙauyenmu ba ta da rufi? Sanatanmu ne zai amsa?

Mafi yawa ba shi ba ne. Firamare da ƙaramar sakandare suna hannun jiha da ƙaramar hukuma, ta hukumar ilimin matakin farko ta jiha, wato SUBEB. Dokar ilimin matakin farko (UBE) ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na babban asusun tarayya don tallafa musu, amma da sharaɗi: jiha ba za ta karɓi kuɗin gine-gine ba sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Jihohi da dama sukan kasa ko su ƙi ajiyewa, sai biliyoyin naira su yi ta kwana a UBEC shekara bayan shekara, yara na zaune a ƙasa.

Wanda ya kamata ya tambayi gwamna dalili shi ne ɗan majalisar dokokin jiha, kuma sashe na 128 da na 129 sun ba shi irin ikon da na Abuja yake da shi. A ganina nan ne ramin ya fi zurfi. Majalisar Tarayya ko ba komai 'yan jarida na kanta. Majalisun jihohi kuwa, da yawansu sun zama 'yan amshin shata, kasafi ya shigo ya fita cikin 'yan kwanaki ba tare da an ji wanda ya ɗaga murya ba. A Arewa, inda mafi yawan yaran da ba sa zuwa makaranta suke, wannan shiru ya fi tsada. Makarantun tsangaya sama da 150 da gwamnatin Jonathan ta gina aka miƙa wa jihohi, da yawansu sun lalace, kuma ba wani ɓoyayyen abu ba ne da sai an kafa kwamiti kafin a gani.

Kuɗin samar da aiki fa, yaya majalisa ke sa musu ido?

Misali mafi bayyana shi ne shirin ɗaukar mutum 774,000 na shekarar 2020: mutum dubu daga kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata har wata uku, aka ware wa shirin gaba ɗaya naira biliyan 52, ƙarƙashin hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE. A ƙarshen watan Yuni na shekarar, kwamitin haɗin gwiwa na majalisa ya kira ƙaramin ministan ƙwadago, Festus Keyamo, ya yi bayanin yadda ya kafa kwamitocin zaɓen waɗanda za su amfana. Da magana ta yi zafi, 'yan kwamitin suka nemi 'yan jarida su fita a ci gaba a sirrance. Keyamo ya ce atafau sai a gaban kyamara. Aka yi ta ɗaga murya, zaman ya watse.

Su 'yan majalisa sun ce NDE aka ware wa kuɗin, minista ya yi mata ƙwace. Shi kuma ya ce guraben suke so su mamaye. Ko wa ke da gaskiya, rigimar a kan wa zai raba ce. Da aka fara shirin a farkon 2021, ba a ga irin wannan zafin ba wajen tambayar ko an share magudanan ruwan, ko an biya kowa wata ukunsa.

Haka N-Power, wanda aka fara a 2016 ana biyan masu digiri naira 30,000 a wata, aka tura da yawansu koyarwa a firamare. Koke-koken rashin biyan alawus da na sunayen bogi sun daɗe, amma gwamnati ce da kanta ta dakatar da shirin a Oktoban 2023 don bincike. Dakatar da ministar jin ƙai, Betta Edu, a Janairun 2024 ma, wata takarda ce da ta fito fili kan tura naira miliyan 585 asusun wani mutum ta jawo shi, ba zaman kwamiti ba.

Akwai kuma wahalar aunawa. Hukumar Ƙididdiga ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 a ƙarshen 2020. Da ta sauya ma'auni, ta fara lissafa wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, sai adadin ya koma kashi 4.1 a farkon 2023. Kwamitin da zai tambayi ko kuɗin da aka kashe sun rage zaman banza, da wane adadi zai kama?

Mene ne cushe a kasafi, kuma ina ruwansa da ilimi?

Ayyukan da 'yan majalisa ke sakawa bayan kasafi ya zo hannunsu. Akwai naira biliyan 100 da aka saba warewa kowace shekara don ayyukan mazaɓu, akwai kuma ƙarin da ake cusawa a kasafin hukumomi. Sai ka tarar da kwalejin tarayya ko cibiyar bincike an jingina mata sayen fitilun kan titi ko rabon kekunan ɗinki a wata jiha mai nisa. ICPC, wadda ta fara bin sawun irin waɗannan ayyuka a 2019, ta sha nuna cewa na "tallafa wa matasa" sun fi saurin ɓacewa, tunda aji ana iya zuwa a gan shi, horon kwana uku kuwa ba ya barin shaida. A Nuwamban shekarar Shugaba Buhari ya ce an ware tiriliyan ɗaya ga ayyukan mazaɓu cikin shekara goma ba a ga tasirinsu ba.

Waɗanda suka tona daga ciki ba su ji da daɗi ba. An dakatar da ɗan Majalisar Wakilai Abdulmumin Jibrin a 2016, an dakatar da Sanata Abdul Ningi a Maris na 2024 bayan hirarsa da BBC Hausa inda ya ce akwai kimanin naira tiriliyan 3.7 a kasafin da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba. Majalisar da fadar shugaban ƙasa sun ƙaryata shi.

Ina rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi yake zuwa?

Sashe na 85 ya ce ya kai wa majalisa, kwamitin kula da asusun gwamnati na kowane zaure ya duba. Bisa al'ada ɗan adawa ake ba shugabancin wannan kwamiti, kuma nan ne ake yin aikin bin diddigi na gaske. Matsalarsa jinkiri. Rahoton yakan fito bayan shekara biyu ko uku, lokacin da shugaban jami'ar da ya kashe kuɗin ya gama wa'adinsa, wanda ya gaje shi ya zo ya ce bai tarar da takardu ba.

Ke nan majalisa ba ta taɓa yin abin kirki ba?

Ta yi. Yajin aikin ASUU na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, shiga tsakanin shugaban Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, na cikin abubuwan da suka kawo ƙarshensa, ko da yake umarnin kotu ma ya taka rawa. Dokar bashin ɗalibai ta 2023 ta zo da sharuɗɗa masu tsauri, aka sake ta a 2024 kafin NELFUND, hukumar ba ɗalibai bashi, ta fara biya. Da ƙudurin gyaran haraji ya zo da shirin janye kason TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a hankali, malaman jami'a suka yi ca a zaman jin ra'ayin jama'a, majalisa ta bar wa asusun kasonsa. Za ka lura duk inda ta motsa akwai ƙungiya mai ƙarfi da ke huci a bayanta. Ɗan aji uku na firamare ba shi da ASUU.

Wanda ba ɗan majalisa ba, me zai iya yi?

Kasafin tarayya yana shafin Ofishin Kasafi a intanet, aiki bayan aiki, da sunan gari da adadin kuɗi. Ƙungiyar BudgIT, ta shirinta na Tracka, tana fitar da jerin ayyukan mazaɓu jiha-jiha. Kwamitin iyaye da malamai na iya ɗaukar layin da ya shafi makarantarsu, su rubuta wa hukumar da aka ba aikin a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Ana kuma iya kai koke ta hannun ɗan majalisa zuwa kwamitin koke-koken jama'a, ko kai tsaye ga ICPC idan an biya kuɗi ba a yi aiki ba. Kiranye yana cikin sashe na 69, amma yana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar, kuma tun 1999 ba a taɓa cire ɗan Majalisar Tarayya ta wannan hanya ba.